KOYON SIFANIYANCI DAGA GIDA TA HANYAR INTANET

Karatu daga nesa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A zamanin kakanninmu, in mutum yana son ƙarin ilimi amma ba shi da halin barin aikinsa ko iyalinsa, sai ya yi karatu ta gidan waya. Yakan aika kuɗi Ingila ga makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, su kuwa su aiko masa da darussa a cikin ambulan. Ya karanta, ya amsa tambayoyi, ya mayar musu, sa'an nan ya zauna jiran makonni kafin ya ga gyaran da malami ya yi masa. Malaman makaranta da akawuna da yawa ta haka suka ci manyan jarrabawa. Daga baya gwamnati ta kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, wadda ta horar da ɗimbin malamai suna bakin aikinsu. An kafa jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka sake tashe ta a 2002.

A yau wayar hannu ce ta gaji ambulan. Tun daga 2012, lokacin da aka kafa dandalin Coursera da na edX a Amurka, manyan jami'o'i suka shiga ɗora darussansu a intanet domin duk mai so. Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona ya ƙara sa jama'a sun gane wannan hanya. Saboda haka yaro ko yarinyar da suka gama sakandare a Bici, suna zaune gida suna jiran sakamakon jarrabawa ko gurbin karatu a gaba, suna iya sauraron malamin da ke Sifaniya ko Ingila ba tare da sun taka ko tashar mota ba.

A wannan maƙala mun ɗauki darasi guda mu yi misali da shi, wato koyon harshen Sifaniyanci tun daga matakin farko. Abin da muke so mu nuna shi ne, mai jin Hausa yana da sa'ar wannan harshe fiye da yadda yake zato. Intanet ta kawo masa malami har gida. Amma nacin da karatun ke bukata, wannan kam sai ɗalibi ya nemo shi da kansa.

SU WA KE MAGANA DA SHI?

Da yawa daga cikinmu a gidan kallon ƙwallo muka fara jin sunan Sifaniya, wajen gardamar Real Madrid da Barcelona. Manya suna tuna ranar da Nijeriya ta ci Sifaniya 3 da 2 a gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa. Matasa kuwa sun san Umar Sadiq, ɗan Kaduna, wanda ya koma ƙungiyar Almería a 2020, ya wuce Real Sociedad a 2022. Amma harshen ya fi ƙasar girma nesa ba kusa ba. Shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20: Sifaniya kanta, da ƙasashe 18 a nahiyar Amurka, da ƙasa ɗaya a Afirka. Gwamnatin Sifaniya ta kafa wata hukuma a 1991 domin yaɗa harshen, ana kiranta Cibiyar Cervantes. Bisa rahotonta na 2024, waɗanda suka tashi da shi tun suna goye sun kusa miliyan 500, in an haɗa da masu koyo da masu jin sa sama-sama kuwa sun haura miliyan 600. Meksiko ce ta fi kowace ƙasa yawan masu jin sa. A ƙasar Amurka ma fiye da mutum miliyan 40 da shi suke magana a gidajensu. Yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan Tarayyar Afirka.

Ƙasar Afirka da muka ambata maƙwabciyarmu ce ta wajen teku, wato Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968. Dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙodago a gonakin koko na tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, har zuwa 1975 da 1976 da aka kwaso su gida. Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe da zama a biranen Malabo da Bata. A Kodebuwa da Jamhuriyar Binin da Kamaru da Sanagal kuwa ana koyar da Sifaniyanci a makarantun sakandare. A Dakar ne Cibiyar Cervantes ta buɗe cikakken reshenta na farko a Afirka kudu da Sahara a 2021.

Akwai kuma alaƙar da ta fi wannan kusa da mu. Yakuwar nan da manomanmu kan shuka a kan iyakar gona, in an tsinke zoɓorodonta an shanya, 'yan kasuwa sukan tara shi a wurare irin su kasuwar Dawanau, nan kan hanyarmu ta zuwa Kano, a ɗura a buhu a fita da shi waje. Babbar mai sayensa ita ce Meksiko. Can suna kiran sa "flor de jamaica", su jiƙa shi su sa sukari su sha da sanyi, kamar dai yadda muke shan zoɓo. Fatun da ake jemewa a Kano ma, Sifaniya tana cikin ƙasashen da ke saye. Ashe ke nan muna da abokan cinikin da ba mu taɓa gaisawa da su cikin harshensu ba.

RUWAN RIJIYA ƊAYA

Wanda ya fara koyon Sifaniyanci zai yi ta karo da kalmomin da kunnensa ya riga ya sani. Dalilin yana cikin tarihi. Daga 711 zuwa 1492 akwai daulolin Musulmi a ƙasar da Larabawa ke kira Andalus, wato yankin Sifaniya da Fotugal na yanzu. Cikin wannan dogon zama Larabci ya bar wa Sifaniyanci kalmomi masu yawa, masana suna ƙiyasta su kusan 4,000. Hausa ma ta ari kalmomi birjik daga Larabci ta bakin fatake da malamai. Sai ya zama harsunan biyu sun ɗebi ruwa a rijiya ɗaya. Ga misalai:

Muna cewa sukari, su suna cewa "azúcar".
Muna cewa zaitun, su suna cewa "aceituna".
Muna cewa lemo, su suna cewa "limón".
Muna cewa sifiri, su suna cewa "cero".
Muna cewa tasa, su suna cewa "taza", amma kofin shan shayi suke nufi.
Muna cewa alƙarya, su suna cewa "alquería", amma gidan gona ko ƙaramin ƙauye suke nufi.
Muna cewa alƙali, su suna cewa "alcalde", amma su shugaban gari suke kira haka.
Muna cewa hatta, su suna cewa "hasta", wato har. In za su yi sallama sukan ce "hasta mañana", ma'ana sai gobe.

Har wa yau, in suna fatan wani abu sukan ce "ojalá", wato Allah ya sa. Ita ma daga Larabci ta fito.

Shekarar 1492 babba ce a tarihin wannan harshe. A cikinta birnin Giranada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗi. A cikinta wani malami mai suna Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun Sifaniyanci na farko. A cikinta kuma Kolombus ya haye teku da jiragen Sifaniya ya isa nahiyar Amurka, harshen ya bi shi can. A lokacin nan Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano, gama ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wani haifaffen Giranada ɗin, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya girma a Fas ta Maroko, ya kuma rubuta labarin ƙasashen Afirka har da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. An buga littafinsa a Italiya a 1550.

Tafiyar Kolombus ta taɓa gonakinmu ma. Masara da gyaɗa da rogo da dankali da tumatir da barkono da gwanda duk asalinsu nahiyar Amurka ne, Turawan Fotugal da na Sifaniya suka yaɗa su a duniya. Wasu sun iso mana har da sunayensu, bayan sun bi ta bakuna da yawa. Tumatir shi ne "tomate", gwaiba ita ce "guayaba", taba ita ce "tabaco". Wanda ya zaga kasuwar Badume ya ga kwandunan tumatir da buhunan masara, ya ga kayan da suka tsallako teku tun ƙarnuka da suka wuce.

INDA MAI JIN HAUSA YA CI RIBA

Riba ta farko wasula ce. Sifaniyanci yana da wasula biyar, a, e, i, o, u, ana kuwa furta su kamar yadda muke furta namu. Duk inda ka ga "a", "a" ce, ba ta rikiɗa. Wanda ya sha wahalar rubutun Turanci, inda harafi ɗaya kan yi sauti uku ko huɗu, zai ji daɗin wannan. Yaron da ya iya karanta Hausar boko, in an nuna masa ƙa'idoji kaɗan, zai karanta shafin Sifaniyanci da ƙarfi mai harshen ya gane shi, ko da shi mai karatun bai san ma'anar ba tukuna.

Riba ta biyu harafin "r". Suna da iri biyu, mai sauƙi da mai kaɗa harshe: "pero" shi ne amma, "perro" kuwa kare. Baturen Ingila kan daɗe yana fama kafin harshensa ya kaɗu. Mu kuwa tun muna yara muke bambanta bara mai yi wa ubangida aiki da bara irin ta almajiri, ta wajen furucin "r" kaɗai.

Riba ta uku jinsi. A Hausa kowane suna namiji ne ko tamace, yawancin na mata kuwa da "a" suke ƙarewa: riga, hula, gona. Haka yake a Sifaniyanci: "la casa" gida, "la mesa" tebur, "la vaca" saniya, duk mata ne, "el libro" littafi, "el burro" jaki, maza ne. Yadda muke da masu saɓa wa ƙa'ida irin su ruwa da nama da suna, haka su ma suke da "el día", wato yini, da "la mano", wato hannu. Sai dai a kula, jinsin abu a can ba lalle ya zo daidai da namu ba. Mu rana tamace ce, wata namiji. Su kuwa "el sol" namiji ne, "la luna" tamace.

Riba ta huɗu ita ce wadda ta fi ba masu jin Turanci kaɗai wahala. Sifaniyanci yana da aikatau biyu, "ser" da "estar", inda Turanci ke da guda. Littattafai kan ɓata shafuka wajen bayaninsu. Mu kuwa a bakinmu bambancin yake. In abin da mutum yake ne, inda muke sa "ne" ko "ce", sai a ɗauki "ser": "Soy estudiante", ni ɗalibi ne. In wurin da yake ne ko halin da yake ciki, inda muke cewa ina, kana, yana, sai a ɗauki "estar": "Estoy en casa", ina gida. Wannan ma'auni ba ya ɗaukar kowace jimla, amma zai kai mai koyo nesa. Haka kuma wajen faɗin shekaru, yadda muke cewa ina da shekara 17, su ma "tengo 17 años" suke cewa, kalma da kalma. Suna kuma da ladabin magana: "tú" ga aboki ko yaro, "usted" ga babba ko baƙo, kamar yadda mai tarbiyya kan ce wa dattijo "ku".

Turancin da muka koya a aji ma bai faɗi ƙasa banza ba. Sifaniyanci daga Latin ya fito, Turanci kuwa ya ari kalmomi da yawa daga Latin da Faransanci. Saboda haka kalmomi irin su "hospital" da "animal" da "doctor" rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, furuci ne ya bambanta. Wanda ya taɓa Faransanci ya fi kowa samun sauƙi, gama su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne.

INDA AKE TUNTUƁE

Ba duka aka taru aka zama sauƙi ba. Tuntuɓe na farko tsohon abokin gabarmu ne, wato "p" da "f". Hausa ba ta raba su, Sifaniyanci kuwa ya raba. "Puente" gada ce, "fuente" maɓuɓɓugar ruwa. "Pila" batir ne, "fila" layi. Maganinsa a riƙe ƙa'ida: wajen "p" leɓuna biyu suke haɗuwa su rufe, wajen "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. A wani gefen kuma an rage mana aiki, domin "b" da "v" sauti ɗaya ne a wurinsu.

Na biyu, akwai haruffan da ke yaudarar ido. Ba a furta "h" ko kaɗan, "hola", wato sannu, "ola" ake cewa. Harafin "j" kamar "kha" na Larabci yake, daga maƙogwaro. Harafin "ñ" shi ne "ny" na cikin hanya. "Ll" a yawancin ƙasashe kamar "y" ake faɗar sa. "C" a gaban a, o, u "k" ne, a gaban e da i kuwa "s" ne a nahiyar Amurka. Sautin "c" namu na ci da ciki su da "ch" suke rubuta shi. Wannan ya shafi sunan garinmu. In ka rubuta musu Bici za su karanta "bisi", wanda a bakinsu keke ne. Sai ka rubuta Bichi kafin su kira shi daidai.

Na uku, Hausa da karin sauti da tsawon wasali take rarrabe ma'ana, Sifaniyanci kuwa da danna gaɓa ɗaya a cikin kalma. 'Yar alamar nan da ake ɗora wa wasali ba ado ba ce, ita ke nuna gaɓar da za a danna. "Papa" dankalin Turawa ne a ƙasashen Amurka, "papá" kuwa baba. "Hablo" ina magana, "habló" ya yi magana.

Na huɗu shi ne babban aiki, wato aikatau. A Hausa aikatau yana tsaye, wakilin sunan da ke gabansa ne ke canzawa: na ci, ka ci, mun ci, sun ci. A Sifaniyanci wutsiyar aikatau ɗin ce ke canzawa: "hablo" ina magana, "hablas" kana magana, "habla" yana magana, "hablamos" muna magana, "hablan" suna magana. Kowane lokaci, na da da na yanzu da na gaba, da nasa jerin wutsiyoyi. Nan ba dabara sai hadda da maimaici. Mu kuwa ba baƙin hadda ba ne.

A ƙarshe akwai kalmomi masu kama da namu amma ma'ana ta yi hannun riga. "Rana" kwaɗo ne. "Goma" roba ce. "Cama", wadda ake furtawa kama, gado ne. "Baba" kuwa miyau ne mai dalala, saboda haka a yi hattara.

YADDA DARASIN YAKE

Darussan jami'a na intanet iri biyu ne. Akwai wanda ake biyan kuɗin makaranta sosai, a shiga aji tare da malami a ƙayyadadden lokaci, a yi jarrabawar da ke shiga lissafin digiri. Wannan yana da tsada, da kuɗin waje ake biya. Akwai kuma buɗaɗɗen darasi, wanda kowa ke iya shiga ya bi a lokacin da ya ga dama. Shi ne ya fi dacewa da mu. Jami'ar Fasaha ta Balensiya da ke Sifaniya ta ɗora darasin masu farawa a edX. Jami'ar Kalifoniya reshen Davis ta ɗora nata a Coursera. Jami'ar karatu daga gida ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, tana da sashe mai suna OpenLearn tun 2006, darussansa kyauta ne, akwai na Sifaniyanci a ciki. Cibiyar Cervantes ma tana da nata mai suna AVE Global, na kuɗi. Sharuɗɗan biya a waɗannan wurare sukan canza, saboda haka a karanta da kyau kafin a yi rajista. Yawancinsu da Turanci suke bayani.

An kasa darasi kashi-kashi. Kowane kashi yana da gajerun bidiyo na 'yan mintoci, da hirar da za a saurara, da jerin kalmomi, da ɗan gwaji wanda kwamfuta ke duba wa ɗalibi nan take. Ana farawa da gaisuwa da gabatar da kai: "Buenos días", ina kwana, "Me llamo Ladi", sunana Ladi, "Soy de Kano", ni daga Kano nake, "Gracias", na gode. Daga nan a shiga ƙidaya, da dangi, da abinci, da lokaci, da ciniki: "¿Cuánto cuesta?", nawa ne? Alamar tambayar da ke kife a farkon jimla al'adar rubutunsu ce.

Ana auna ci gaban ɗalibi da matakai 6 waɗanda Majalisar Turai ta tsara a 2001: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Darasin masu farawa A1 yake kai mutum, wato ya iya gaisuwa, ya faɗi ko shi wane ne, ya yi tambaya mai sauƙi, ya gane amsa in an yi magana a hankali. Kada wani ya ruɗe mu da cewa za a iya harshe cikin mako biyu. Makarantar da ke horar da jakadun Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Sifaniyanci. Mai yin rabin awa kullum zai tara wajen awa 180 a shekara. Wannan ya isa ya wuce matakin farko lafiya, amma ƙwarewa sai an shekara uku ko fiye ana abu ɗaya.

DABARUN ZAMAN ƘAUYE

Sanin kowa ne cewa masu yin rajista a irin waɗannan darussa suna da yawa, masu kaiwa ƙarshe kaɗan ne. Ba ƙararrawa, ba mai kiran suna, ba mai tambayar aikin gida. A wurinmu kuma ga matsalar wuta da tsadar data da raunin sabis. Ga shawarwarin da muke ganin za su taimaka:

1. A tsai da lokaci guda kullum, ko da minti 30 ne. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi awa biyar rana ɗaya a mako. Da yayyafi kogi kan cika.

2. A lura da shekarar manomi. Wanda ya fara bayan kaka yana da rani gaba ɗaya a gabansa. In damina ta faɗi aikin gona ya taso, sai a rage sabon darasi a riƙa maimaita na baya.

3. A sauke darussan mako a wuri ɗaya mai ƙarfin sabis, a kalle su a gida. Murya kaɗai ba ta cin data kamar bidiyo.

4. A sayi littafin rubutu. Duk sabuwar kalma a rubuta ta tare da "el" ko "la" ɗinta, da ma'anarta da Hausa. In caji ya ƙare, littafi yana nan.

5. A fara da abin da ido ke gani: "la cabra" akuya, "la gallina" kaza, "el pozo" rijiya, "el mijo" gero, "el mercado" kasuwa, "la lluvia" ruwan sama. Kalmar da aka ɗaura wa abin da ake gani kullum ba ta saurin ɓacewa.

6. A nemi abokan tafiya. Kwamfuta tana iya gyara rubutu, amma harshe a baki yake zama. Mutum uku ko huɗu su haɗu sau ɗaya a mako, ko da waya ɗaya ce tsakaninsu, su yi hira da ɗan abin da suka koya. Su riƙa aika wa juna saƙon murya. Mai jin kunyar kuskure ba ya iya harshe.

7. A saurari masu harshen. Sharhin wasan ƙwallo da labaran rediyo da Sifaniyanci suna saba wa kunne da saurin maganarsu. Za a tarar kowace ƙasa da karinta, kamar yadda Hausar Kano ta bambanta da ta Sakkwato. Gyaɗa ma "cacahuete" ce a Sifaniya, "cacahuate" a Meksiko, "maní" a Ajantina, amma duk suna fahimtar juna.

TAKARDAR SHAIDA DA IYAKARTA

Takardar da ake samu a ƙarshen buɗaɗɗen darasi tana nuna mutum ya bi darasin ne kurum. Ba digiri ba ce, ba ta kuma maye gurbin WAEC ko NECO ko JAMB. Saboda haka waɗanda ke aji har yanzu su fara riƙe darussansu na makaranta, wannan ƙari ne. Shaidar da jami'o'i da ma'aikatun ƙasashen waje suka sani ita ce DELE, wadda Cibiyar Cervantes ke gudanar da jarrabawarta a madadin ma'aikatar ilimi ta Sifaniya. Ana zama a rubuta ta ne a cibiyoyin da aka amince da su, ba ta kuma da ranar ƙarewa.

Wajibi ne mu yi gargaɗi a nan. Iya Sifaniyanci ba biza ba ce. Duk wanda ya nemi kuɗi da alkawarin zai samo wa mutum aiki ko makaranta a Turai saboda ya gama wani darasi, a guje shi. Matasan Afirka ta Yamma masu yawa sun hallaka a hamada da teku wajen neman shiga Sifaniya ta ɓarauniyar hanya, ta Maroko ko ta tsibiran Kanari. Ba domin wannan muke koyon harshe ba. Amfaninsa yana nan kusa: karanta wasiƙar mai sayen zoɓorodo ko fata ba tare da ɗan tsakiya ba, aikin tafinta da fassara, koyarwa, aikin jakadanci, da neman gurbin karatu ta hanyar da doka ta yarda. Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ya koyi sabon harshe shi kaɗai ya gano cewa yana iya koya wa kansa abu, wannan kuwa zai yi masa amfani a kowane fanni.

Muna roƙon iyaye su ba yara dama, mata da maza, su kuma riƙa tambayar abin da aka koya yau, domin wayar da ke kawo malami ita ce kuma ke kawo shiririta. Malamai su taimaka wajen zaɓen darasi mai kyau. Ku kuwa ɗalibai, musamman masu fita bana, watannin jira suna da tsawo, za su kuwa wuce ko an yi wani abu da su ko ba a yi ba. Mafi yawanku kuna jin harshe biyu ko uku tun kafin ku shigo aji ɗaya, ƙarin guda ba zai gagare ku ba. Ku fara da gaisuwa, ku riƙe rabin awarku. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.